Yadda Tanti Ta Yi Jinyar Karenmu

Jiya Mama ta ɗora kaza a wuta za ta yi wa ƙanena romo saboda mura. Ba ta kai ga sa gishiri ba, ba ta kai ga sa yaji ba, ruwa da nama kawai ke tafasa. Ina dawowa daga makaranta ƙamshin ya tare ni a bakin ƙofa. Na ajiye jaka na fara dariya ni kaɗai, har Mama ta leƙo daga kicin ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau. Wasu in sun ji wannan ƙamshi marar lafiya suke tunawa. Ni kuwa ramuwar gayya nake tunawa, wadda na yi ina 'yar shekara goma, kuma har yau da nake shirin gama sakandare ban yi nadama ba. Ku gyara zama in gaya muku.

Da can muna zaune a gidan haya na bene a High Point Road, a garin Greensboro na Amurka, irin wanda in ka yi atishawa maƙwabta uku ke amsa maka. Da Baba ya samu aiki mai ɗan kyau a wani babban sito da ke Wendover, sai muka koma wani ƙaramin gida mai fili a baya. A filin nan muka tarar da kare. Mai gidan, wani dattijo baƙar fata, zai koma wurin 'yarsa a wani gari, kuma inda take ba a yarda da dabba ba. Ya tsaya yana shafa kan karen yana yi wa Baba bayani, idonsa ya yi ja. Mama na cikin mota tana yi wa Baba alama da ido, irin alamar da ko daga Yamai mutum yake zai hango. Baba bai gani ba, ko kuma ya ga dama bai gani ba. Shi ɗan mafarauci ne daga wajen Dogondutse, cikin karnuka ya tashi. Ya ce wa dattijon ya tafi da kwanciyar hankali.

Mama ta yi kwanaki ba ta yi wa Baba magana sai ta bakina. Suna zaune a kujera ɗaya za ta ce, "Ki gaya wa babanku abinci ya nuna." Daga ƙarshe aka yi sulhu a kan sharuɗɗa. Kare ba zai taka cikin gida ba. Kwanonsa da sosonsa daban. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu kafin ya taɓa ƙofar kicin, kuma kayan salla ba sa zuwa bayan gida. Da zafi yana kwana a ɗan akurkinsa a gindin bishiya. In sanyi ya shigo, ciyawa ta wayi gari fari fat kamar an barbaɗa mata gishiri, sai Baba ya shimfiɗa masa tsohon bargo a gareji.

'Yan Nijar na garin nan ba su ɓata lokaci ba, suka sa mana suna gidan masu kare. Shugabar masu faɗin haka ita ce Tanti. Ba 'yar'uwar Mama ba ce ta jini, garinsu ne ɗaya, amma a ƙasar nan wannan ya isa mace ta shigo gidanku ta buɗe tukunya ba tare da ta tambaya ba. In ta zo sai ta tattare zaninta tun daga mota, kamar za ta tsallake kwata. In na kawo mata ruwa sai ta ɗaga kofin ta duba shi a haske, ta sansana, ta ajiye. Ta kan ce wa Mama, "Ke dai kin yi haƙuri. Ni da mijina zai kawo mini wannan ƙazanta, da shi da karen za su kwana a titi."

Karen kuwa tun da muka same shi ba yaro ba ne, kuma shekaru suka ƙara bi ta kansa. Idonsa ɗaya ya yi yana, kunnuwansa suka mutu, bakinsa ya yi furfura. In zai tashi sai ya fara miƙe ƙafafun gaba, ya huta, ya yi tunanin rayuwa, sannan ya nemi shawarar na baya. Ina iya cinye kwanon shinkafa in sha ruwa kafin ya gama. Wai sunansa mai gadi, amma kurege na zama a bakin kwanonsa ya ci ya ƙoshi, ya goge baki ya tafi. Da ɓarawo zai zo, sai dai ya yi tuntuɓe da shi ya faɗi. Amma duk ranar makaranta, in bas ta sauke ni, zan same shi tsaye a jikin shinge yana jira. Ban san yadda yake sani ba. A makaranta ana dariyar Turancina, a gida ana dariyar Hausata. Shi kaɗai ne ba ya jin ko ɗaya, saboda haka da shi nake hira.

Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo ne a lokacin da bishiyoyi ke zubar da garin fure rawaya da ke rufe motoci, kowa na atishawa. Mama na da tsohon ciki, ita kuma ta zo jego. Sunan karen na Turanci ya ƙi zama a bakinta, sai ta riƙa ce masa Tsoho, wai sa'anta ne. Daga nan kowa ya ɗauka. Ita ce ta kafa mana dokokin zama da shi, kuma dokokin ba su da bambanci da na zama da dattijo. Ba a zo masa ta baya. Ba a taɓa shi yana cin abinci. Ba a tashe shi daga barci da hannu, ba a rungume shi, ba a jingina da ƙugunsa. Tunda ba ya jin gyaran murya, sai ka buga ƙafa a kan katakon da yake kwance har ya ji motsi a jikinsa ya ɗago kai, sannan ka miƙa masa bayan hannu ya sansana. Na tambaye ta ko mugu ne shi ya sa. Ta ce, "Wace mugunta? Duk gaɓoɓinsa ciwo suke. Ni ma in kika faɗo mini a baya ina barci, sai na mare ki kafin in tambayi ko ɗiyar wa ce."

An haifi ƙanena a tsakiyar zafi, lokacin da iska ke manne wa mutum a jiki kamar jiƙaƙƙen zani, ƙwarin bishiya kuma na kuka kamar injin niƙa. Ranar suna motoci suka cika layinmu. An yanko rago daga wata gona a bayan gari. Maza na gareji da ƙofar gida, mata sun cika falo da kicin, yara kuwa sun watsu ko'ina ba mai kallonsu, domin kowace uwa ta ɗauka wata na kallo. Baba ya ɗaure Tsoho a can ƙuryar fili a gindin bishiyarsa, ya ja igiya ya kewaye wurin, ya ce in sa ido. Na sa ido har lokacin da wata Hajiya ta ɗora mini tiren lemo ta ce in kai wa maza.

Tanti na da ɗa guda, ɗan shekara bakwai, wanda ta daɗe tana jira kafin Allah ya ba ta. Ba a yi masa tsawa, ba a harare shi, in ka yi masa Hausa da Turanci yake amsawa, in ma ya ga damar amsawa. Ina dawowa da tire na hango shi ya tsallake igiya. Na buɗe baki, amma kafin murya ta fito ya ja da baya, ya sheƙo da gudu, ya dira a bayan Tsoho da ke barci kamar mai hawan jaki. Karen ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ya juyo a firgice ya cafki hannunsa. Haƙoran da suka rage masa ba su da yawa, amma sun huda fata, jini ya fito. Ihun yaron kuwa na tabbata abokan aikin Baba sun ji shi a Wendover.

Ba na cewa yaron bai ji ciwo ba. Ya ji, kuma ya tsorata. Da a nan abin ya tsaya da ban riƙe kowa a zuciya ba. Amma Tanti ta fito da gudu, ta miƙa ɗanta ga wata mata, ta cire takalminta mai tsini ta hau dukan Tsoho. Yana ƙoƙarin tashi ya gudu, ƙafafun baya sun ƙi. Sai ya kwantar da kai yana rawar jiki, fitsari na bin ƙasa. Da kyar aka janye ta. Ta juya kan Baba a gaban dattawa ta ce ko dai a fitar da wannan dabba, ko ita da gidanmu har abada. Baba ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, zai kai shi gidan da hukuma ke tara karnukan da ba su da masu su. Na san abin da wannan ke nufi, domin a makaranta yara na faɗa. Babu mai zuwa can ya zaɓi tsohon kare kurma da ya taɓa cizo. Allura ake yi musu su yi barcin da ba a tashi. Ina tsaye da tire a hannu na yi alkawari a zuciyata cewa Tanti sai ta biya kowane dukan takalmin nan.

Ban san ta inda zan fara ba, sai likita ya buɗe mini ƙofa. Da aka kai yaron aka wanke ciwon, likita ya tambaya ko an yi wa karen allurar haukan kare. Baba ya ce an yi, tun zamanin dattijon mai gida. Shi a tunaninsa abin kamar lamba ne, sau ɗaya ake yi wa mutum ya ɗauki tabonsa har kabari. Ashe sabuntawa ake yi, kuma ta Tsoho ta daɗe da ƙarewa. Likita ya ce to kada a taɓa karen. A killace shi a sa masa ido na wasu kwanaki. In ya wuce su lafiya, yaro ya tsira. In ya kwanta ciwo ko ya mutu, sai a fara yi wa yaro jerin allurai, a kuma dage da addu'a. Wani ma'aikacin kula da dabbobi ya zo da farar mota, ya tsaya yana kallon Tsoho na ƙoƙarin miƙewa har ya gaji da jira, ya ce a killace shi a garejinmu kawai, zai dawo. Kaka ta ce a gida ma haka ake yi, ba a kashe karen da ya yi cizo sai an ga ƙarshensa. Tanti ba ta buƙatar a yi mata bayani. Tana yarinya ta taɓa ganin mai haukan kare a garinsu, an ɗaure shi a ɗaki.

Ku tsaya ku auna wannan da kyau, domin ni sai da na zauna a bakin gado kafin daɗin ya gama ratsa ni. Matar da ta fi kowa son Tsoho ya mutu, yanzu ita ce ta fi kowa a faɗin Amurka buƙatar ya rayu. Shi kuwa kare ne da in yana barci ko mai wankan gawa sai ya rantse aikinsa ya zo. Ga shi ana hutun makaranta. Baba na wurin aiki, Mama na ɗaki da jariri, Kaka kuwa tsoron tarho take kamar zai cije ta. Duk kiran da ya shigo gidan nan, ni ce mai ɗauka.

Washegari da safe tarho ya yi ƙara.

"Ke, yaya abin nan?"

"Wane abu, Tanti?"

"Karen mana, don gidanku."

Na ja numfashi irin na manya a bakin asibiti, na ce, "To, da sauƙi dai za a ce."

Ina so ku shaida ban yi mata ƙarya ko sau ɗaya ba. Na ce bai ci abinci ba, kuma gaskiya ne, tun dukan bai kalli kwanonsa ba. Na ce busasshen abincinsa ya yi masa tauri, sai dai ko a gwada abu mai laushi, kamar kaza. Kafin azahar motarta ta tsaya a bayan gidanmu, ba a gaba inda za a gani ba. Ta fito da kula. Kaza ce ta sha yaji da tafarnuwa da magi. Kaka ta buɗe ta sansana ta ce wannan ai ƙarasa shi zai yi, kare ba ya cin gishiri da yaji, kuma a cire ƙashi kada ya maƙale masa. Ni da Kaka muka cinye wannan. Tanti ta koma ta dafo wata.

Haka aka shiga jinya. Kullum da rana, lokacin da mutane ke wurin aiki, sai ta rufe shagonta na kitso ta zo. Ta zauna a kan bokiti a garejinmu, zobban zinariya a yatsu, tana yagar tsoka tana duba ƙashi ɗaya bayan ɗaya. Na koya mata dokar Kaka cikin ladabi. Na ce, "Tanti, sai kin yi masa sallama tukuna." Da ma Baba ya kawo katakon ɗora kaya daga wurin aiki ya shimfiɗa masa bargo a kai. Tanti ta ɗaga ƙafa, da irin takalmin nan dai, ta buga katakon a hankali. Na ce bai ji ba. Ta ƙara. Na ce har yanzu. Sai da na sa ta yi rawa sosai kafin Tsoho ya ɗago kai ya dube ta da idonsa mai gani. Ranar da ya fara cin kazar, na ji ta ce alhamdulillahi da ƙarfi, sannan ta waiga ta ga ko na ji. Na ji.

Wata rana ta shigo ta same shi a miƙe, ƙafafu sun sandare, harshe a waje, ƙuda na yawo a kan hancinsa. Kula ta faɗi daga hannunta. Ta hau salati, ta buga katako, shiru. Ta zazzage jakarta a ƙasa ta ɗauko madubin kwalliya, ta durƙusa da gwiwoyinta a simintin garejin da a da ko inuwarsa ba ta takawa, ta kara madubin a hancinsa. Tsoho ya yi mata atishawa a fuska, ya juya ya ci gaba da barci. Na fita da gudu na shige bayan bishiya, na cusa gefen hijabina a baki. Dariya har cikina ya yi ciwo.

Amma kwanaki na tafiya, kuma na fara gane cewa duk wannan cikin Tsoho kawai yake cikawa, ba zai cece shi ba. Na ji Tanti da kunnena tana ce wa Mama, ranar da aka ce ɗanta ya tsira, ranar za a ɗauke shi. Na sami Baba yana wanke mota na roƙe shi. Ya ce, "Ɗan mutane ya ji ciwo a gidana, kuma laifina ne, ni na bar tsohon kare da yara ba babba a wurin. Na yi magana a gaban dattawa. Ita kaɗai ce za ta iya ce mini a bar shi." Bai kalle ni ba da yake faɗa, soso kawai yake ta gogawa a wuri ɗaya.

Mama ce ta ba ni makamin ba tare da ta sani ba. A kwanakin nan mutane na ta kawo kayan barka, kuma duk wanda ya kira sai ta ce, "Ku taya ni yi wa wance godiya, ta kawo kaza da kaza." Haka ake yi a wurinmu. In an yi maka alheri ba ka godewa kai kaɗai, sai ka baza a gari kowa ya taya ka. Kullum Mama na yi mini faɗa cewa na zama 'yar Amurka, ban san gaisuwa ba, ban san godiya ba. Sai na yanke shawarar zama yarinyar da ta fi kowace tarbiyya a Greensboro. Tanti dai ba ta taɓa ce mini kada in faɗa ba. Harara kawai take yi, ni kuwa yarinya ce, ina zan san fassarar harara?

Kira na farko wata Hajiya ce da labari ba ya kwana a bakinta. Na gaishe ta har da tambayar gajiya da iyali, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Hajiya, don Allah ku taya mu yi wa Tanti godiya. Kullum sai ta rufe shago ta dafo wa karenmu kaza. Da hannunta take cire masa ƙashi." Na ji kamar tana neman kujera ta zauna. Sannan ta ce, "Wace Tantin?" Na faɗa mata. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Za mu gode mata."

Daga nan ban bar kowa ba. Na gaya wa mai shagon da muke sayen gero da katin kira. Na gaya wa Malam ranar Asabar a Islamiyya, ina durƙushe. Da Kaka ta sa aka kira mata gida, kafin katin ya ƙare na karɓa na gaya wa Gwaggo a Dogondutse. Kafin mako ya zagayo labarin ya je Nijar ya dawo, har ya ƙara ƙiba a hanya, wai rago take yanka masa. Tarhon shagonta bai huta ba. Mata na shigowa kitso suna cewa, "Mun ji abin alheri, Allah ya saka. Ya mai jikin?" Wasu da zuciya ɗaya suke faɗa, wasu suna cije leɓe. Malam kuwa da gaske ya ɗauka. Bayan salla ya kawo labarin nan da kowa ya sani, na wanda Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, ya ce ga shi a cikinmu akwai baiwar Allah da kare ya ciji ɗanta, ta rama da ciyarwa. Bai ambaci suna ba. Duk sahun mata ya juya wuri ɗaya. Mijinta ya fito daga masallaci yana karɓar hannu kamar shi ya ci zaɓe.

Ma'aikacin nan ya dawo ya duba Tsoho, ya ce lafiyarsa lau, har ƙiba ya yi, yaro kuma ba abin da zai same shi. Ranar Lahadi da la'asar dattawa suka taru a gareji, mata suka tsaya a ƙofar kicin. Baba ya riga ya shimfiɗa bargo a bayan mota, igiya na hannunsa. Ni ina zaune kusa da katako, hannuna a wuyan Tsoho. Duk wayona ya ƙare a nan. In ta ce a kai shi, gobe da safe za a kai shi.

Tanti ta iso da mijinta da ɗanta, hannunsa ya warke sai ɗan tabo. Alhajin da ya fi kowa shekaru ya gyara murya ya fara. Ya yabi haƙurinta, ya yabi tausayinta, ya ce ta koya wa maza darasi, ya ce har daga gida an kira shi ana tambayar wace ce wannan mata. Ya daɗe yana yi. Sannan ya juya ga Tanti ya ce, "To Hajiya, mai gida ya yi alkawari, kuma ga mota a shirye. Yanzu sai abin da kika ce."

Ta dubi Alhaji. Ta dubi matan da ke ƙofa, waɗanda suka yi mako suna sa mata albarka. Sannan ta dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai kamar 'yar kirki. Ana cikin haka hancin Tsoho ya gaya masa wadda ta zo. Ya fara aikin miƙewa, kowa na kallo, ba mai magana. Da ya gama, ya ja ƙafa har gabanta ya tura hanci a hannunta yana neman kaza. Hajiyar nan mai labari ta dafe ƙirji ta ce, "Allah sarki, ya san mai ƙaunarsa."

Tanti ta dubi karen. Ta ce, "A bar shi." Alhaji ya ce bai ji ba, kuma shi da gaske bai ji ba, kunnensa ya yi nauyi. Sai da ta sake faɗa da ƙarfi. Sannan ta ƙara da cewa amma a raba filin da shinge mai ƙofa da sakata, a sabunta allura, kuma kada a sake barin yaro ya je wurinsa sai da babba, ko da jaririn gidan ne. Ba na son yabonta, amma wannan kam gaskiya ta faɗa, Kaka ma ta gyaɗa kai. Baba ya ajiye igiya a kan mota, ya juya baya yana gyara abin da bai lalace ba. Da za ta tafi ta kama kumatuna kamar mai wasa da yaro, ta murɗa har na ga taurari, tana murmushi tana cewa, "'Yar albarka. Tarbiyya ta yi kyau."

Baba ya kafa shingen a makon. Tsoho ya ga zubar ganye, ya ga sanyi, ya sake ganin wani zafin. Ƙanena ya koyi tsayuwa yana riƙe da wannan shinge, shi a nan, kare a can, suna kallon juna ta tsakanin katako, kowa da yawu a baki. Bai sake cizon kowa ba, domin ba a sake ba kowa damar hawansa ba. Wata safiya Baba ya je kai masa ruwa ya tarar ya tafi, a gindin bishiyarsa, kansa a kan ciyawa.

Yanzu abubuwa sun canza. Kaka ta koma gida, muryarta kawai muke ji. Yaran da aka haifa bayanmu suna kuka a saya musu 'yan kwikwiyo, wasu iyayen har sun saya, suna kiran Baba neman shawara. Ɗan Tanti ya yi tsawo kamar falwaya, yana ƙwallon kwando, kuma in ya ga kare sai ya tsallaka titi. Ita kuwa har yau ita ke yi mini kitso, domin Mama ta ce ba za mu kai kuɗinmu wani shago ba. Takan ja gashin har girata ta koma tsakiyar kai, ni kuma ba na ko motsi, ba zan ba ta wannan daɗin ba.

Saura abu ɗaya. Ranar da Tsoho ya mutu, da hantsi tarho ya yi ƙara, na ɗauka da kumburarrun idanu. Tanti ce. Ta ce in ba ta Mama. Na ce to. Kafin in ajiye sai na ji ta ce, "Ke." Na ce na'am. A hankali, kamar mai tsoron bango ya ji, ta ce, "Ya haƙuri?" Gaisuwar mutuwa, saboda kare. Na ce da godiya. Na riƙe wannan a cikina duk shekarun nan, ko Mama ban gaya wa ba. Amma Asabar ɗin da ta wuce ta ja mini gashi fiye da kima, shi ya sa kuke karanta shi yau.